Awa biyun da teku ya ara mana a Point Lobos

Tun daren Juma'a ƙanwata ta kafa mana doka: gobe ana idar da sallar asuba kowa ya kintsa, ƙarfe shida da rabi mota za ta tashi. Na ce mata, "Haba ke kuwa, yawon shan iska za mu ko jirgi za mu kama?" Sai ta miƙo min wayarta. A kan fuskar wayar akwai wani zane mai hawa da sauka kamar tudu da kwari, da lambobi a gefensa. Ta ɗora yatsa a kwarin da ya fi zurfi ta ce, "Yaya, nan ƙarfe tara ne da 'yan mintoci. Idan muka kai sha ɗaya a hanya, abin da za mu je gani ruwa ya rufe shi."

Daga Kano na zo mata hutu a watan Afrilu, ni da yarana biyu, namiji ɗan shekara 9 da Auta mai shekara 5. Ita tana aure a San Jose da ke jihar Kalifoniya ta Amurka. Wurin da ta nace sai mun je sunansa Point Lobos, wani tsinin ƙasa ne da ya kutsa cikin tekun Pasifik, kamar kilomita 5 kudu da garin Carmel, tafiyar kusan awa ɗaya da rabi daga gidanta. Yana cikin gandayen shaƙatawa da gwamnatin jihar ke kula da su, kuma yana cikin waɗanda dokarsu ta fi tsauri.

Zanen da ta nuna min jadawalin cikowa da janyewar teku ne. Mu da muka tashi a arewa hali ɗaya muka san ruwa da shi: kogi ya cika da damina, ya ƙafe da rani. To, abin da kogi ke yi a shekara, teku a yini guda yake yinsa, har sau biyu. Ya ciko ya haye duwatsun gaɓa, bayan kamar awa 6 ya janye ya bar su a fili, sannan ya sake dawowa. Wata ne ke jan ruwan, rana tana taya shi. Kin san yadda fitowar wata ke ƙara jinkiri kullum bayan daren sha huɗu? Haka janyewar teku take jinkiri, da kusan minti 50 kowace rana. Kwanakin da ruwan ya fi cikowa kuma ya fi janyewa su ne na tsayuwar wata da na tsakiyarsa, lokacin da rana da wata da duniya ke kan layi ɗaya. Duk macen da ke riƙe da lissafin kwanan wata, rabin ilimin nan yana hannunta tun ba ta ga teku ba. Ranar da muka je uku ga wata ne, kuma a irin waɗannan kwanaki tazarar da ke tsakanin cikar ruwa da janyewarsa a gaɓar nan takan haura mita 2.

Idan ruwan ya janye, ba duka yake tafiya ba. Yakan bar saura a cikin ramuka da tsagogin duwatsu, 'yan kududdufai, wani kamar faɗin faranti, wani kamar bahon wanki, wani ya kai tabarma. Su muka taso gani.

Mun isa ƙofa ƙarfe takwas saura, muka tarar da motoci sun riga mu layi. Ƙarfe takwas ake buɗewa, kuma dala 10 muka biya kuɗin mota. Wurin ajiye motoci a ciki kaɗan ne. Da zarar ya cika sai a tsayar da shiga, wanda ya makara ya ajiye tasa a gefen babbar hanya ya tako da ƙafa. Da ƙananan yara wannan ba ƙaramin aiki ba ne, a nan na yafe wa ƙanwata tashin asuba.

Abin da ban shirya masa ba shi ne sanyi. Ni da na ji an ce bakin teku, Legas na hango, da zafinta da guminta. Nan kuwa hazo ne ya lulluɓe ko'ina, ga iska mai ratsa ƙashi kamar ta tsakiyar hunturu. Ruwan kansa da wuya ɗuminsa ya wuce digiri 15 a ma'aunin Salshiyas, sau da yawa ma ƙasa yake da haka. Allah Ya taimake mu ƙanwata ta cika bayan mota da rigunan sanyi. Ita ce kuma tun a gida ta hana ni saka doguwar abaya da silifas, ta ba ni wando mai kauri, da riga iya gwiwa, da hijabi madaidaici, da takalmin kambas. Na yi ta mita. Da na taka dutsen farko mai koren gansakuka na ji santsinsa kamar an zuba miyar karkashi, sai na yi gum.

Furen da ba fure ba

Gaɓar da ake zuwa kallon kududdufan ana kiranta Weston Beach, sunan wani mai ɗaukar hoto ne, Edward Weston, da ya shafe shekaru yana ɗaukar duwatsun wurin. Ba yashi ba ne irin wanda ake shimfiɗa tabarma. Tsakuwa ce da fale-falen duwatsu da suka miƙe zuwa cikin ruwa.

Da farko ba mu ga komai ba. Ɗana ya leƙa kududdufi ɗaya ya ɗago ya ce, "Umma, ai ruwa ne kawai da duwatsu." Antinsa ta ce ya tsuguna ya yi shiru, ya ƙirga talatin a zuciyarsa. Bai kai ashirin ba ya yi ihu. Wata katantanwa baƙa da muka ɗauka tsakuwa ce ta fito da ƙafafu ta fara tafiya. Ashe wata 'yar kaguwa ce a ciki, irin wadda bayanta ba shi da ɓawo mai tauri, sai ta nemi gidan dodon koɗin da ya mutu ta shige. Idan ta girma gidan ya matse ta, ta nemi wanda ya fi shi ta yi ƙaura. Daga nan ido ya buɗe. Abin da muka zata yashin ƙasan ruwa ne ya motsa, ashe ɗan kifi ne mai launin dutse. A cikin wani lungu ga wasu halittu masu ƙaya, launin shuni, kamar 'ya'yan bushiya, kowacce ta lafe a ramin da ya yi daidai da jikinta.

Wanda ya fi ɗauke hankalin Auta shi ne wani abu kore shar, faɗinsa kamar murfin kofi, da yatsu siri-siri kewaye da bakinsa. Duk wanda ya gan shi zai rantse fure ne. Dabba ce. Yatsun nan da su take harbin ƙananan halittu ta tura su baki. Ga fatar ɗan Adam kuwa iyakar abin da za ki ji shi ne ɗan danƙo. Idan ruwa ya janye ya bar ta a sarari sai ta tsuke ta zama dunƙule, 'yan'uwanta ƙanana ma har ɓaraguzan katantanwa suke mannawa a jikinsu don kada rana ta busar da su. Shi ya sa ake cewa a riƙa taka dutsen da yake fayau. Abin da kika ɗauka tarin tsakuwa ne a jiƙe, mai yiwuwa rai ɗari ne a kwance.

Tauraron teku ɗaya tak muka gani, ruwan lemo, mai hannu biyar, manne a ƙarƙashin wani dutse. A da sun fi haka yawa. A shekarar 2013 wata cuta ta ɓarke a cikinsu a duk tsawon gaɓar yammacin Amurka, jikinsu ya riƙa narkewa, suka mutu da yawan gaske, kuma har yanzu a wurare da dama ba su koma yadda suke ba. Yadda yake cin abinci ne ya sa ɗana ya kasa rufe baki: yakan rungume makankari, ya ja ɓawonsa biyu har su ɗan buɗe, sannan ya fito da tumbinsa waje ta baki ya zura shi ciki ya narkar da naman a can.

Ina cikin wannan kallo na lura aljihun yaron ya yi tudu. Katantanwa uku ya tsinta, wai tsarabar kakarsa. Ban ga laifinsa ba. Mu da kakanninmu suka yi ciniki da wuri, ai son abin da teku ya tofo a jininmu yake. Amma a Point Lobos doka ta hana ɗaukar komai: ba katantanwa, ba tsakuwa, ba ko guntun icce. Wata dattijuwa cikin 'yan sa kan da ke zagayawa suna yi wa baƙi bayani ta matso, ba faɗa ba hayaniya, ta ce ya ajiye su a cikin ruwa mu jira. Ba a yi minti guda ba biyu daga cikin ukun suka fito da ƙafafu suka watse. Ta ukun babu kowa a ciki, amma ta nuna masa cewa gidan haya ne da wata kaguwar ke nema. Ta kuma koya musu cewa in za su taɓa wani abu su jiƙa yatsa ɗaya su shafa a hankali, kada su ɓamɓare abin da ya manne, don wasu in an ɓamɓare su ba sa sake kamawa.

Tsaurin dokar yana da tarihi. Wurin nan an ci shi, an sha shi. Tun asali mutanen Rumsen ne 'yan ƙasa ke kamun abinci a gaɓar. A shekarun 1850 masunta 'yan Sin suka zauna, kuma ɗakin katako da suka gina yana nan har yau, an mayar da shi gidan tarihi. Daga 1862 'yan Fotugal daga tsibiran Azores suka kafa sansanin farautar manyan kifayen nan na wel, suna narka kitsensu su sayar da mai. An fasa dutse, an yi lodin kwal, har wani kamfani ya yanka ƙasar fuloti-fuloti don a gina gari. A 1898 wani mutum mai suna Alexander Allan ya sayi filin, ya bi fulotan yana saye, ya sa ƙofa yana karɓar kuɗin shiga. Shi ɗin ma ba waliyyi ba ne a wannan fanni, don shi da wani Bajapane, Gennosuke Kodani, sun yi shekaru suna kamo wani babban dodon koɗin teku da ake kira abalon suna zubawa a gwangwani. Bayan rasuwarsa ne, a 1933, wurin ya koma hannun gwamnatin jiha, a 1960 kuma aka haɗa da eka 750 na ƙarƙashin ruwa, karo na farko da aka killace ƙasan teku haka a Amurka.

Ido ɗaya ga yara, ɗaya ga ruwa

Yanzu ga abin da ya sa na zauna rubuta wannan.

Tun a mota ƙanwata ta raba mana aiki. Ta ce duk lokacin da yara suka sunkuya, dole ɗayanmu ta tsaya tsaye tana fuskantar teku, ba waya a hannu, ba hira. Na ce to, amma a raina na ɗauka tsabar tsoro ne irin na wanda ya daɗe a Turai. Ruwan a kwance yake, igiyoyin suna fashewa can nesa da mu.

Wajen ƙarfe goma da rabi, ruwa ya fara dawowa ba mu ankara ba, don ba da gudu yake zuwa ba, sanɗa yake yi. Mun kuma matsa gaba sosai muna bin kududdufai, kowane ya fi na baya kyau. Layina ne na tsaro. Auta ta tsuguna gaban furen nan nata, hasken rana ya fara keto hazo ya sauka a fuskarta, na ce wannan hoton ba zai wuce ni ba. Na ba teku baya, na ɗaga waya.

Ihun ƙanwata na fara ji kafin ƙarar ruwan. Igiya ɗaya ce, ta fi duk waɗanda suka gabace ta, ta haye dutsen da tun safe yake a bushe. Ni ta kai min gwiwa. Auta da ke tsugune ta kifar da ita, kuma da ruwan ya juya zai koma na ga yana jan ta a kan dutsen. Antinta ce ta damƙo hular rigar sanyinta. Duka abin bai fi daƙiƙa biyar ba. Yarinya ta kurje gwiwa da tafin hannu, ta sha ruwan gishiri, takalminta ɗaya ya tafi. Ni kuwa ƙafafuna suka ƙi ɗaukata, sai da na zauna a kan tsakuwa.

Irin wannan igiya sananniya ce a gaɓar Kalifoniya ta tsakiya da ta arewa, har zuwa jihohin Oregon da Washington, kuma tana cin rayuka. Teku kan yi minti goma ko ashirin yana turo ƙananan igiyoyi har mutum ya saki jiki, sai wasu su haɗu su zo a dunƙule. Ba ta bukatar hadari ko iska, rana tsaka ana dariya take zuwa. Sanyin ruwan kuma yana ɗauke numfashi nan take ya kashe gaɓoɓi cikin mintoci, ko da mutum gwanin iyo ne, balle mai kaya masu nauyi a jiki. A nan na gane hikimar hana ni abaya. Shawarar da masu ceto ke bayarwa tana da ɗaci ga uwa: idan ruwa ya ja wani, kada ki faɗa ki bi shi, ki kira 911, ki jefa masa abin da zai yi iyo da shi, kada ki ɗauke ido daga inda yake. Sau da yawa wanda ya bi ne ba ya dawowa. Ban san ko zan iya bin wannan shawara ba, kuma ina roƙon Allah kada Ya gwada ni. Abin da na san zan iya shi ne wanda na kasa a ranar: tsayuwa ina kallon ruwa.

Idan Allah Ya kai ki irin wannan wuri, ki isa awa guda kafin lokacin da jadawali ya ce ruwa zai kai ƙarshen janyewa, ki fara da kududdufan da suka fi kusa da teku, ki riƙa jawo yara baya-baya zuwa tudu. Mu akasin haka muka yi. Kuma dutsen da kika ga a jiƙe alhali na kusa da shi a bushe, igiya ce ta jiƙa shi, za ta kuma dawo.

Uwa uwa ce

Na so mu tafi gida. Ƙanwata ta ce a'a, in muka tafi yanzu abin da yarinyar za ta riƙe game da teku ke nan har ta girma. Aka canza mata kaya a mota, aka sa mata safa biyu da takalmin yayanta na ajiya, muka je Piney Woods, ɗaya daga wurare uku da aka yarda a ci abinci. Ba a sayar da ko ruwan sha a cikin gandun, sai abin da kika zo da shi. Muka buɗe kular dafa-duka da filas ɗin shayi mai citta. Kofi biyu Auta ta sha, ta fara ba yayanta labarin yadda ta "yi dambe da teku".

Daga nan muka bi hanyar ƙafa zuwa arewa. Tun daga nesa muke jin haushi kamar na karnuka ɗari. Zakunan teku ne jibge a kan wasu duwatsu a cikin ruwa. Haushin nan ne ya sa Sifaniyawa suka kira su kyarketan teku, daga nan sunan wurin ya samo asali, don lobos da harshensu kyarketai ke nan. Kusa da nan akwai kurmin wani itace, saifras na Monterey, wanda wuri biyu kacal ya rage a duniya da yake fitowa da kansa, nan da wani tsini a hayin Carmel. Iska ta murɗe rassansa kamar an matse wanki. A hanya ki riƙe hannun yara kada su kauce, akwai wani tsiro mai ganye uku-uku da ke sa ƙaiƙayi da ƙuraje, karara ba ta kama ƙafarsa ba.

A can ƙasa, cikin doguwar ciyawar teku da ke shimfiɗe a kan ruwa, wani ɗan sa kai ya saita mana madubin hangen nesa. Karen ruwa ce kwance rigingine, da ɗanta a kan ƙirji, tana ta gyara masa gashi. Su ba su da kitsen da ke kare sauran dabbobin teku daga sanyi, gashinsu ne rigarsu, kuma babu dabbar da ta kai su cikar gashi a duniya: a wasu sassan jiki, inci ɗaya murabba'i kan ɗauki har kusan sili miliyan 1. Saboda wannan gashi aka yi ta kashe su har aka zaci sun ƙare a Kalifoniya, sai a 1938 labari ya bazu cewa an ga wani ɗan garke a gaɓar Big Sur, kudu kaɗan da nan. Daga 'yan tsirarun nan ne aka samu kusan 3,000 da ke jihar yanzu. Uwar takan lashe ɗan ta hura masa iska a gashi har ya zama ba ya nutsewa, idan za ta nutsa neman abinci ta bar shi yana reto a sama, wani lokaci ta naɗe shi da ciyawar don kada ruwa ya tafi da shi. Mun ga ta nutse. Ɗan ya dinga tsala kuka mai tsini har muna jiyo shi daga kan tudu. Ta ɓullo ta jawo shi ta mayar ƙirji. Ƙanwata ta kalle ni, ban ce komai ba.

Zangonmu na ƙarshe China Cove ne, a kudancin gandun, kuma sai da na goya Auta kafin mu kai. Wani ɗan lungu ne mai farin yashi da ruwa kore garau. An hana sauka, daga sama ake leƙawa, domin watannin Afrilu da Mayu lokacin haihuwar wasu dabbobi ne da ake kira sil, masu jiki sumul kamar na ayu. Ga su nan kwance, kowace da jaririnta a gefe. Ana roƙon mutane su yi ƙasa da murya, don idan uwa ta firgita ta faɗa ruwa tana iya rabuwa da ɗanta, kuma tun 1972 dokar tarayya ta haramta takura wa irin waɗannan dabbobi. Yaran da tun safe ba su rufe baki ba, sai ga su suna magana da raɗa.

Ƙarfe uku da rabi muka dawo inda muka ajiye mota, a gefen Weston Beach. Ɗana ya tsaya yana dube-dube kamar wanda ya ɓata hanya. Fale-falen duwatsun da muka yini a kai babu su, ruwa ne ke ta tumbatsa a wurin, sai kawunan manyan kawai ke leƙowa. Auta, daga bayana, ta tambaya ina furenta yake. Antinta ta nuna mata wajen da kumfa ke juyawa ta ce yana can ƙasa, ya buɗe yana cin abincin rana. Ta yi shiru tana kallo, sannan ta ce to a gaya masa in ya ga takalminta ya ajiye mata.